Takardar da Kaka Ta Sha

Daga Allah muke, kuma gare shi kowa zai koma. Kakata, mahaifiyar Baba, ta koma ranar Talata da hantsi. Yau kwana arba'in ke nan.

Gidan Baba a Yasore bai taɓa ɗaukar mutane irin na kwana ukun farko ba. Mata sun zo daga Batsari a ƙasa, wasu daga Babban Duhu a kan jakuna. Har Fulanin da ke kawo mata nono suka jera ƙorensu a ƙofar gida suka shigo suka zauna. Kowa da abin da ya tuna. Wata ta ce Kaka ce ta yanke cibiyar 'ya'yanta tara, ba ta taɓa karɓar ko ƙwaryar gero ba. Wata tsohuwa daga Safana ta ce shekarar yunwa a ɗakin Kaka ta yi wata biyu, ba dangin iya ba na baba. Liman ya aiko daga zaure cewa bai taɓa ganin macen da ta ba shi wahala kamarta ba, kuma bai taɓa ganin wadda zai yi kewa kamarta ba. Aka yi dariya cikin kuka.

Amma magana ɗaya ce ta yi ta dawowa a bakin masu gaisuwa. "Allah sarki, ta tafi ba ta ɗauke da alhakin kowa." Gwaggona, ƙanwar Baba, ita ke amsawa: "Ai da bakinta ta faɗa, muna zaune."

Duk sanda aka faɗi haka sai in miƙe kamar zan duba tukunya, in zagaya bayan rumbu in tsaya. Matan suka ce a bar ni, ni ce 'yar ɗakinta, zafin rabuwa ne. Akwai zafin rabuwa. Amma ba shi ke tashe ni ba.

Ni ba mai ilimi ba ce. Bayan haihuwata ta uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, da goyo a bayana na koyi haɗa baƙi. Wanda ya ga karkata a rubutun nan ya yi haƙuri. Ina so ne a san ko wace ce Kaka, kuma a san abin da na yi mata.

'Yar ƙaramar mace ce, baƙa, mai saurin tafiya. Kullum mazari na hannunta, tana kaɗi tana magana, zare bai taɓa tsinke mata don hira ba. Ba ta faɗa da ƙarfi. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a kira abu da sunan da ba nasa ba, musamman abin da mutum ya aikata ba daidai ba. Tana tsince irin waɗannan kalmomi kamar mai tsince tsakuwa a wake.

Ran da ɗiyata ta fasa randa na ɗauki muciya, Kaka ta riƙe mini hannu. "Mi ta yi?" Na ce laifi ta yi. Ta ce, "Kuskure ta yi. Ajiye muciya, tuwo take jira." Ran da akuyar maƙwabta ta shiga waken Baba yana ta huci, ta ce masa, "Ɓarna ce. Akuya ba ta laifi, ba ta da alƙali. Je ka gyara shingenka." Zunubi kuwa, in ji ta, tsakanin bawa da Ubangijinsa ne, kuma Ubangiji mai gafara ne. Laifi na alƙali ne, bulala ko tara ta wanke shi.

Sai alhaki. In ta zo nan mazarin kan tsaya. "Alhaki shina da mai shi," haka take cewa. "Ka cuci mutum, abin ya hau wuyanka. Ka yi salla, ka yi azumi, ka tafi Makka a ƙasa ka dawo, shina nan. Allah da kansa ba ya shiga sai mai shi ya buɗe baki ya ce na yafe."

Ba ta son a yi wasa da kalmar. In yara na wasa wata ta ce wa wata "kin ɗauki alhakina" saboda ɗan ƙuli-ƙuli, sai ta kira su duka biyu ta sa a janye maganar. Da Baba ya sayo rediyo, ta ji mai labarai yana cewa alhakin gyaran hanya yana kan wane, sai ta ce, "Wa ya cuta? Hanya?" Baba ya ce ai yanzu haka ake cewa, nauyin aiki ake nufi. Ta ce, "To su ce nauyi mana. Wanda bai taɓa ɗaukar abin ba shi ke rabon sunansa a kasuwa."

Akwai wata maƙwabciyarmu da za ta tafi aikin hajji, ta bi gida gida tana sallama. Ta durƙusa gaban Kaka ta ce, "Iya, a yafe mini duk abin da na yi."

Kaka ta ce, "Wanne?"

"Duka, Iya. Wanda na sani da wanda ban sani ba."

"Wanda ba ki sani ba na yafe. Wanda kika sani fa? Na kazata ne, ko na maganar da kika kai gidan surukan ɗiyata?"

Matar ta yi tsuru-tsuru, mu kuma muka cusa bakin zane a baki. Daga baya ta faɗa, duka biyun. Kaka ta yafe mata, ta tashi ta kama mata wata kazar ta ce guzuri ne. Da matar ta fita sai ta ce mini, "Yafe mini duka gaisuwa ce, kamar ina kwana. In kina neman gafara ki kira abin da sunansa, mai shi ya ji zafinsa sabo, sannan ya yafe in ya ga dama."

Ban san inda wannan tsanani ya samo tushe ba sai da na yi haihuwar fari. Ita ta yi mini wankan jego. Wata safiya ta gama gasa ni da ganye, ina kwance ina tururi, ta zauna bakin gado da jaririn a cinyarta, ta fara magana ba tare da ta kalle ni ba.

Ta ce a zamanin da ta tashi Nasara bai zo ba, Katsina na bin Sakkwato, mu kuma nan muna bakin daji. Da an yi girbi mahara ke saukowa daga arewa, su kwashi hatsi da shanu da mutane. Gari na da kafi, amma gona ba ta da shi. In ganga ta yi kuka kana gona, dutse za ka nufa.

Saboda haka manya suka yi wata dabara. Kowace yarinya ta nemo wa kanta kogo a dutsen da ke bayan gari, ta rufe bakinsa da ƙaya. Ba a gaya wa uwa, ba a gaya wa uba, don babba in an kama shi akan gana masa azaba har ya faɗa. Ƙawarki kaɗai za ta san naki, ke ma ki san nata. In hari ya wuce ba a ga ɗaya ba, ɗayar ce za ta kai mutane, ko maciji ya sare ta, ko ta suma. Ran da suka nuna wa juna kogunansu, Kaka da ƙawarta, ɓarin goro ɗaya aka raba musu suka tauna.

Suna roron wake ganga ta tashi. Ƙawar ta fi ta tsawon ƙafa, ta riga ta shigewa. Kaka kuwa ƙaya ta soke ta, kafin ta kai nata wani ya cafke ta.

"Nan ya riƙe ni," ta nuna damtsenta. "Ya dube ni, ga ƙanƙanta, ga ƙazuwa. Ya ce ke ba ki kai kuɗin igiya ba, ina ƙawarki? Ya san al'adarmu, ɗiyata. Wataƙila a irin garinmu ya tashi. Wallahi bakina bai buɗe ba. Hannuna ne ya tashi."

Da ya sake ta ya nufi kogon sai ta ruga. Amma ta waiwaya. Ta ga ya jawo ƙawar da ƙafa ɗaya. Ta ce yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai ɗago kai ta neme ta da ido har ta same ta.

Da mahara suka tafi, uwar yarinyar ta zo ta kama hannun Kaka ta ce kai ni. Ta kai ta. Suka tarar da ƙaya a yashe, kogo ba kowa. Uwar ta ce, ko kin ga abin da ya faru? Kaka ta ce ba ta gani ba. Daga ranar matar nan ta mayar da ita ɗiya. Jigidar ƙawar ta ɗaura mata. Ita ta riƙa yi mata kitso har ta yi aure, ita ta raka ta ɗakin miji. "Kaina na kan cinyarta," in ji Kaka, "tana ce mini ke kaɗai kika rage mini. Ta mutu ban faɗa mata ba. Alhaki biyu ke nan."

Ta miƙo mini jaririn ta ce a ba shi nono, ta fita zubar da ruwa.

Rigimarta da liman ma a kan wannan ne. Ta sa Baba ya kira shi zaure, ta tsaya daga bayan asabari ta faɗa masa komai. Liman mutumin kirki ne, ya ce, "Iya, ai a lokacin alƙalami bai hau kanki ba. Yarinya ce ke, kuma tilasta ki aka yi."

Ta ce, "Malam, alƙalami bai hau kaina ba, igiya kuwa ta hau wuyanta. Je ka gaya mata batun alƙalami."

Ya ce ta yi sadaka, ta yi mata addu'a, Allah ya san zuciya. Ta ce sadaka tana yi tun kafin a haife shi. Wata uku ta hana a kai masa fura. In ta hango shi zai wuce sai ta ce, "Ga malam mai araha nan." Shi kuma ya ce, "Iya mai tsada, an tashi lafiya?"

Duk ranar kasuwar Batsari sai ta dama fura ta ɗauka, ba ta sayarwa ba. Inda Buzaye masu kanwa ke sauka take zuwa ta zauna, ta ba su su sha, ta fara tambaya. Ko a garuruwanku akwai wata tsohuwa bahaguwa, mai wushirya, mai tabon ƙuna a gwiwar hannun dama, wadda aka kawo daga ƙasar Katsina tana yarinya? Suna ba ya amfani, ta ce, don ubangijin bawa shi ke sake masa suna. Wasu su ce Allah ya sada ku. Wasu su shanye fura su yi mata dariya. Haka ta yi shekara da shekaru.

Da na fara zuwa aji ita ce ta fi kowa tsokanata. "Malama, an taso? Yau wane baƙi aka ci?" Amma ran da ta ga na rubuta sunan mijina a jikin buhu ya karanta ya gane, ba ta tsokane ni ba. Da la'asar ta kira ni. "Abin nan naku, in an rubuta, shina zuwa inda ƙafa ba ta zuwa?" Na ce yana zuwa in akwai adireshi. Ta ce, "Rubuta dai. Allah shi ne adireshi."

Na rubuta da fensir, tana faɗa ina bi. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce a sa, ni ce na nuna. Muka ba wani mai kanwa. Bayan shekara muka sake wata, muka ba wani mai raƙuma. Na san ba inda za su, wataƙila an ƙunshe taba da su kafin a kai Jibiya. Ita kuwa duk ranar kasuwa sai ta ce, "Malama, ba amsa?"

Daminar bara waccan ta kwanta ciwo. Ta daina cin abinci. Ba ciwon ne ya hana ta ba, tsoro ne. Matar da ta karɓi haihuwa ba adadi, ta wanke gawa ba adadi, ita ce ke riƙe zanena tana cewa, "Za a tsayar da ni gabanta. Mi zan ce?" Na dama kunu ta kau da kai. Na yi lallashi har na rasa kalma. Kwana tara ana haka, ƙasusuwan wuyanta suka fito.

Rana ta goma ta kama ranar kasuwa. Na shiga ɗaki na yago takarda daga littafina na aji. Na ɗauki tawadar allon yara da alƙalamin kara, don kada a ga fensirina a gane. Na rubuta da hannun hagu. Na naɗe, na murza ta da ƙasa, na goga mata kanwa don wari. Da azahar, mutane na dawowa daga kasuwa, na shiga wurinta na ce, "Kaka, wani Buzu ya ba da wannan a kawo miki."

Ta tashi zaune, ita da sai an ɗaga ta. "Karanta."

Na karanta. Daga ƙawarki. Takardarki ta same ni. Ina nan da rai a wani gari can arewa, na yi aure, na ga jikoki. Abin da ya faru a dutse na yafe miki duniya da lahira. Na yafe miki na uwata ma.

Ta ce in sake. Na sake. Sau huɗu.

"Wushiryar fa, tana nan?"

Na ce, "Kaka, takarda ba ta nuna haƙori."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ja'ira. Da ma ta fi ni haƙuri." Sai ta karɓi takardar ta shinshina, ta ɗora a goshi. Ta ce in kawo mata ƙwarya da ruwa. Na zaci sha za ta yi. Ta buɗe takardar ta tsoma a ciki, ta riƙa shafawa da yatsa a hankali, yadda ake wanke allo, har ruwan ya yi baƙi, takardar ta koma fari fat.

Na ce, "Kaka, ba rubutun sha ba ne, wasiƙa ce."

Ta ce, "Na sani. So nake ta shiga jikina, kada in mutu a ce ina shaida."

Ta yi bisimilla ta shanye. Ni na riƙe mata gindin ƙwaryar. Da ta gama ta ce yunwa take ji.

Ta warke. Shekara ɗaya da rabi ta ƙara a duniya, kuma ban taɓa ganinta cikin sauƙi irin na wannan lokaci ba. Ta yi ƙiba. Ta riƙa yi wa 'ya'yana waƙar daka. Ta aika wa liman fura da kanta ta ce a gaya masa ta samu mai tsadar. Kowa ya ce ikon Allah, ni ma na ce ikon Allah.

Amma ta daina zuwa wurin masu kanwa. Damin geron da take warewa duk shekara da sunan ƙawarta, ta ce a mayar rumbu, an gama. Addu'ar da takan yi mata bayan kowace salla, wadda nake ji ta katanga tun ina yarinya, ta koma godiya. Shekara tamanin tana ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya, ni na zo na ce mata an buɗe, ta juya ta tafi. Ko akwai wani mai raƙumi da ya sauka Batsari a wannan shekara da rabi da labarin wata tsohuwa bahaguwa a bakinsa, ba wanda ya je ya tambaye shi. Ban sani ba. Ba zan taɓa sani ba.

Sau da yawa na shiga ɗakinta da niyyar faɗa. Sai ta ɗago ta ce, "Malama, zo ki ci gyaɗa," sai in zauna in ci gyaɗa.

Ciwon ajali bai ja ta ba, kwana uku ne. Safiyar Talata ta ce a kira kowa. Muka cika ɗaki, Baba na riƙe da kanta. Ta ce, "Ni dai na sauke nawa. Ba na ɗauke da na kowa. Wanda ke ɗauke da nawa ya matso." Aka riƙa matsawa ɗaya bayan ɗaya. Da yake sun san halinta, kowa ya kira nasa da suna. Gwaggo ta faɗi wata tsawa da ta taɓa yi mata. Baba, da furfurarsa, ya faɗi wata tunkiya da ya sayar yana saurayi ya ce kura ce. Ta ce, "Na sani tun ranar. Na yafe."

Aka zo kaina. Na durƙusa, na kama hannunta. Maganar na bakina, na shirya ta tun asuba. Na dubi fuskarta, ba tsoro a ciki ko kaɗan. Na san in na faɗa, da tsoron nan za ta tafi, kuma babu sauran ranar kasuwa a gabanta.

Na ce, "Kaka, ki yafe mini duk abin da na yi miki."

Ta ɗan buɗe ido. Na jira ta ce wanne. Da ta ce wanne, wallahi da na faɗa.

Ta ce, "Ke? Ke mi kika taɓa yi mini? Na yafe, ɗiyata."

Kafin rana ta take ta cika.

Bayan addu'ar bakwai na sa mijina ya raka ni wurin liman na faɗa masa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce niyyata alheri ce, ƙaryar da aka yi don ceton rai tana da hukuncinta daban, in yi sadaka, in yi mata addu'a. Na gode masa. A hanya na ji abin da Kaka za ta ce da wannan amsa, da muryarta, har na tsaya na dafa bango.

Na fitar da damin gero biyu bana, ɗaya na ƙawarta, ɗaya nata. Ranar kasuwa nakan dama fura in je inda masu kanwa ke sauka, ko da yake yanzu a mota suke zuwa, kuma yara ne, ba su san zancen da nake yi ba. Shi ya sa na rubuta wannan, na roƙi malamar ajinmu ta kai inda za a buga.

Wanda duk kakarsa ta taɓa ba shi labarin wani dutse a yammacin Katsina, da kogo mai ƙaya a baki, da ƙawar da ta ɗaga hannu, don Allah ya zo Yasore ya tambayi gidan ungozoma. Ba zai same ta ba, ni zai samu. Zan faɗa masa abin da sunansa a madadinta, in ya ga dama ya yafe a madadin tasa. Ban sani ba ko ana karɓar irin wannan. Da Kaka na nan, da ta ce ba a karɓa.

Nata ke nan, yana da inda za a nema, ko da nesa ne. Nawa kuwa mai shi tana nan kusa, bayan gari, gabas da rijiya. Kullum da safe in na je ɗiban ruwa ina hango ƙasar da aka tara mata. Na faɗa mata daga nan, da sunansa, ba sau ɗaya ba. Na ce Kaka, ni na rubuta.

Allah ya jiƙanta, ya sa ta tarar da ƙawarta mai sauƙin hali. Ni kuwa sai na je.